Alwalar da Hedimasta Ya Leƙo ta Taga

Zuwa ga Hedimastan makarantar firamaren kuɗi mai koren get da ke bayan kasuwar Dutse Alhaji, Abuja.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina fatan kana lafiya, iyali suna lafiya, kujerar ofis ma tana lafiya, don na san tana shan aiki, musamman bayan azahar.

Ni ne Nazifi, wanda ya koyar da Larabci da addini a aji uku har zango biyu, wanda ka kora wata Talata kafin a fita tara. Na san ba ka manta ni ba. Na faɗi sunana ne saboda ba kai kaɗai za ka karanta wannan takarda ba. Sau uku ina zuwa ofishinka, sau uku maigadi yana ce min ka tafi mitin, alhali ga motarka nan a inuwar darbejiya, ga kuma labulen tagarka yana motsi ba iska. To tunda a bainar jama'a ka yi min, a bainar jama'a zan amsa maka.

Ga masu karatu da ba su san ni ba: ban yi boko ba, ko aji ɗaya. Mahaifina mutumin Zariya ne, yadi yake sayarwa a kasuwar Dutse. Ina shekara bakwai ya kai ni gidan ƙaninsa, Alaramma Baffa Sule, a Abaji. A can na tashi, na yi sauka, na yi hadda, na karanta littattafan farko na fiƙihu. Wannan rubutun bokon ma a waya na koye shi. Duk ka san haka ranar da ka ɗauke ni. Da bakinka ka ce ba satifiket kake nema ba, wanda zai iya zaunar da 'yan aji uku kake nema, don sun riga sun gajiyar da malamai biyu. Na zaunar da su kuwa. Abin da ya biyo baya shi zan jero maka.

Na ɗaya: abin da ka gani ta taga.

Makon da ya gabaci wannan Talatar na koya musu alwala daga farko har ƙarshe. Ranar Talatar sai na shigo da buta da roba, na ajiye a gaban aji, na ce yau ni ne ɗalibi, su ne malamai. Dama muna da doka a ajin: duk wanda ya kama ni da kuskure, ya kuma faɗi daidai, shi zai sa hulata har a tashi. Na naɗe hannun riga, na gyara murya kamar limamin Juma'a, na yi bismillah, sai na ɗaga ƙafar dama na fara wankewa. Can sai Hajara, wata ƙaramar yarinya mai zama layin gaba, ta miƙe ta riƙe ƙugu ta ce, “Malam, wa ya koya maka?” Aji ya ɗauka da dariya. Na yi kamar na rikice, na koma na shafi kai, na tsallake fuska da gangan. Yara talatin da wani abu suna tsaye, kowa yana nuna fuskarsa, kowa yana jero min abin da ke bin wani. Har waɗanda ba su taɓa ɗaga hannu ba tun farkon zango, ranar sai da na ji muryarsu.

A daidai nan kanka ya bayyana a taga. Tsayuwarka ba ta kai ta karanta ƙulhuwallahu uku ba. Ba ka shigo ba, ba ka kira ni ba, ba ka tambayi ko yaro ɗaya me ake yi ba. Da ka ƙara minti biyu, da ka ga Hajara sanye da hulata ta rufe mata ido, tana tsaye a kaina tana sa ni in sake daga farko, da ka ga na yi ta daidai sau biyu suna ƙirgawa. Amma ka juya, ka aiko masinja ya ce in kawo makullin kabad.

Na biyu: saƙon da ka tura wa iyaye.

Da korar kaɗai ka yi, da ban ɓata cajin wayata a kanka ba. Aiki na Allah ne, yau nan gobe can. Amma da yammar ranar ka rubuta a guruf ɗin iyaye na waya cewa makaranta ta sallami malamin addini na aji uku saboda an same shi yana koya wa yara alwala ba daidai ba, kuma littattafan yara babu rubutu. Ka san mutanen da ke cikin guruf ɗin nan. Rabinsu maƙwabtan mahaifina ne a kasuwa. Kafin magariba saƙon ya zaga layin 'yan yadi, ya shiga layin 'yan takalma, ya fita bakin titi wurin masu acaɓa. Tsohon nan da ya kai shekara ashirin a rumfa ɗaya ba a taɓa jin kansa da kowa ba, sai ga shi ana yi masa jaje kamar an yi masa sata.

Yanzu in na bi ta teburin mai shayi, Malam Ƙafa-Farko suke kirana. Wannan ban damu ba sosai, ni ma na raɗa wa mutane sunayen da suka fi shi ciwo, wanda ya saba tsokana dole ya iya shanyewa. Gidaje biyu da nake zuwa karantar da yara bayan la'asar sun ce in ɗan huta tukuna. Shi ma na shanye.

Wanda ban shanye ba, kuma ba zan shanye ba, shi ne na masallaci. Shekara uku ke nan ni nake jan tarawihi a masallacin layinmu, wanda kai ma kake sallah a sahun farkonsa. Bana Alhaji Mamman, shugaban kwamitin masallaci, ya kira ni gefe, yana ta murza carbi ya kasa kallona, ya ce shi dai ya san ni, amma jama'a suna magana, wai ta yaya za su bi wanda hedimasta guda ya shaida bai iya alwala ba. Ya ce an dakatar da maganata sai an ji daga bakinka. Azumi saura mako uku. Izu sittin a kaina, ranka ya daɗe, na kwashe ƙuruciyata a kansu, kai kuma ka shafe su da layi biyu da babban yatsa kana jiran a kawo maka abinci.

Na uku: laifuffukana, don kada a ce na ɓoye.

Ni na sa ƙadangaren roba a aljihun teburin abokin aikinmu Malam Sabi'u, har ya hau benci da babbar riga. Ni na ɓoye ƙararrawar makaranta a cikin tukunyar mai abinci ranar da aka yi ta neman ta. Ni ne kuma nake kwaikwayon tafiyarka a ɗakin malamai, hannu a baya, ciki a gaba, kuma wallahi har da mataimakinka a masu dariya. Da a kan ɗaya daga cikin waɗannan ka kore ni, da na miƙa maka hannu na ce ka yi adalci. Amma ka bar laifin da na yi, ka kama ni da aikin da na fi iyawa.

Na huɗu: maganar littattafai babu rubutu.

Nan ne asalin rigimarmu, alwala dai ta zo maka a kan gaɓa ne. A makarantarka kowace Juma'a ana tara littattafan yara a kai ofis, mataimakinka ya lashi yatsa ya ƙirga shafi. Malamin da yaransa suka cika shafi takwas gwarzo ne, wanda suka cika biyu malalaci. Ka sha faɗa mana cewa iyaye littafi suke dubawa, in sun gan shi cike sai hankalinsu ya kwanta. Saboda haka malamai suke shiga aji su juya wa yara ƙeya, su cika allo daga sama har ƙasa, yara su yi ta kwafa. Hannu yana rubutu, kai yana wurin mai awara a bakin get. Ka ɗauki littafin duk yaron da ka ga dama a aji huɗu, ka buɗe shafin makon jiya, ka rufe, ka tambaye shi abin da ke ciki. Zai kalle ka kamar ka yi masa Gwaranci.

Ni kuma a inda na tashi, rubutu ba ya zama. A tsangayar Baffa Sule ana rubuta maka kaɗan a allo, daidai abin da kanka zai ɗauka. Ka yi ta maimaitawa, sannan ka je gabansa ka kifa allon a cinya, ka biya da ka. In ka kawo, sai ya ce je ka wanke. Kana kallo tawadar da ka sha wahalar rubutawa take bin ruwa. Daga nan ba ka da wurin da za ka duba sai cikin kanka. Gobe kafin a ba ka sabo sai ka kawo na jiya, ranar Laraba kuma a dawo da kai baya, wani lokaci baya can, wurin da kake zaton an wuce ke nan. Tun muna yara mun san karatun da ke kan allo na allo ne, sai an wanke ake sanin naka.

Shi na kawo aji uku. Ina rubuta layi uku ko huɗu, mu karanta, mu yi wasa da shi, sai in goge allo in ce kowa ya kifa littafinsa. In tambaya. Wanda ya kasa ba na ba shi amsa nan take, sai ya ɗan yi gumi tukuna, don abin da ka tono da kanka ba ya saurin ɓacewa. In na ga idanu sun fara lumshewa, ba na tsawa, sai in tashe su tsaye mu yi haruffa da jiki: alif a miƙe, dal a rusuna, nun a zauna a buɗe hannu. In haɗa su biyu-biyu, wannan ya biya wa wannan, a juya. Kullum da na jiya muke farawa, ranar Laraba kuma ba sabon karatu, sai tonon tsoho. Sai kuma kuskuren ganganci, wanda shi ne nawa na kaina, don na lura yaro zai iya yin barci a kan gaskiyar malami, amma ba zai taɓa yin barci a kan kuskurensa ba.

Abu ɗaya ne na tsangaya na baro a Abaji, shi ne dorina. Ina tuna ranar da wani gardi ya tsaya a kaina da ita, surar da nake karantawa ko a cikin barci ta gudu ta bar ni, baki yana motsi ba abin da ke fita. Tun ranar na san tsoro ba ya shigar da karatu, kora shi yake yi. Zango biyu ban taɓa ɗan kowa ba, kuma ajin da ya gagari masu bulala ya zauna.

To littattafansu ba su cika ba, gaskiya ne. Kawunansu fa? Wannan ba ka taɓa ƙirgawa ba, don ba a lasar masa yatsa.

Na biyar: baƙuwar da ka ɗauko daga Wuse.

Wannan shi ne ya sa na ɗauki waya na fara rubutu. Wata guda bayan korata, ranar wata Asabar, ka tara malamai, ka kawo wata mata mai kwamfuta da majigi ta koya musu yadda ƙwaƙwalwar yaro take ɗaukar karatu. An yi shinkafa da kaza. Ba zan faɗi wanda ya kawo min labari ba. Malamai goma sha huɗu ne suka zauna, in kana son gano shi sai ka yi ta kallonsu ɗaya bayan ɗaya har ƙarshen zango.

Me ta ce? Ta ce ƙwaƙwalwa ba buhu ba ce da za a yi ta ɗura mata, abin da aka sa ta nemo da kanta shi take riƙewa, saboda haka a riƙa rufe littafi ana tambaya. Ta ce a ba yara kaɗan-kaɗan. Ta ce a riƙa komawa kan na baya bayan kwana ɗaya, bayan mako, bayan wata. Ta ce yaro ba ya iya dogon zama, a tashe shi ya motsa. Ta ce wanda ya koya wa ɗan'uwansa ya fi wanda ya saurara riƙewa. Ta ce yaron da ke cikin tsoro kansa a kulle yake. Sannan, ranka ya daɗe, ta ce abin mamaki da abin dariya suna farkar da hankali, har malami yana iya yin kuskure da gangan don yara su kama shi.

An ce kana kujerar gaba kana gyaɗa kai kamar ƙadangare a kan katanga, har da rubutawa. An ce a nan Madam Naomi, malamar lissafi, 'yar Filato mai zuwa daga Karmo kullum, ta ɗaga hannu a gaban kowa ta ce, “Oga, wannan ai shi ne Nazifi yana yi, ka kore shi.” Ka duba takarda ka ce lokaci ya tafi, a ci gaba. Allah ya saka wa Madam Naomi. Ba addininmu ɗaya ba, amma ita ce ta tsaya wa alwalata, masu sallah a sahu ɗaya da ni suna sunkuye suna cin kaza.

Da yamma kuma ka tura hotonka da baƙuwar a guruf ɗin iyaye, guruf ɗin nan dai, ka ce makaranta ta rungumi sabuwar hanyar koyarwa ta zamani. Saƙon korata yana sama, hoton yana ƙasa, ko gogewa ba ka yi ba.

Ba ni da faɗa da matar nan. Ta san aikinta, ta san sunayen sassan ƙwaƙwalwa da ni ban sani ba, kuma ko a bakin wani na ƙaru da ita. An ce ta ce in malami ya yi tambaya ya ɗan dakata, kada ya kira wanda ya fara ɗaga hannu, ya bar masu nauyin baki su gama tunani. Wannan ni ban yi ba, masu sauri nake kira, na kuma gane na cuci wasu yara. Ka ga, ni in aka nuna min kuskurena ina karɓa. Faɗana da kai ne, da ka ji magana a bakin mai allon katako ka ce hauka, ka ji ta a bakin mai majigi ka tafa. Kuma ko ita ɗin ba ka ji ba, don Juma'ar da ta biyo baya an tara littattafai an ƙirga shafi kamar kullum.

Yanzu ga buƙatuna, uku ne.

Ta farko, ka koma guruf ɗin iyaye ka janye maganarka. Ba da rubutu ba, don kada gobe ka ce sakatare ne. Da muryarka, da Hausa, ka ambaci sunana, ka ce ba ka shiga ajin ba, ba ka tambaya ba, kuma Nazifi ya iya alwala. Sannan ka taka ka faɗa wa Alhaji Mamman baki da baki. Ina so a yi wannan kafin Juma'a mai zuwa.

Ta biyu, ka daina auna malamai da shafi. Ka bar su su yi abin da ka tara su aka koya musu. Aikin ba na roƙonka, ka riƙe kayanka. Amma yaran nan na san su ɗaya-ɗaya, kuma na ji an mayar da su kwafa.

Ta uku, kada Madam Naomi ta ga ko canjin fuska a kan wannan takarda. Ba ta san ina rubuta ta ba.

In kuwa Juma'a ta zo ban ji muryarka ba, to ga abin da muka tsayar da Alhaji Mamman, kuma ya amince, har ya yi murmushin da rabona da ganinsa tun kafin saƙonka. Bayan la'asar, a ƙofar masallaci, za a ajiye buta biyu. Ni zan yi alwala a gaban jama'a, tunda ni ake tuhuma. Kai ma za ka yi, tunda mai shaida sai an san ya san abin da yake shaida a kai. Alƙalai kuma 'yan aji uku ne, iyaye tara sun riga sun ce za su kawo nasu.

Kafin ka ce wannan abu mai sauƙi ne, bari in ba ka wani labari. Tun zangon farko yaran nan suka zo min da ƙara. Sun ce sun tsaya sun kalli Hedimasta yana alwalar azahar a bakin famfo, kuma ba ya cire agogonsa, ba ya kuma juya shi, ruwa yana bi ta sama ya wuce, ƙarƙashin madaurin a bushe. Har sunan abin suka faɗa min, lam'a, wurin da ruwa bai taɓa ba. Suka ce a ba su hula. Na hana su. Na ce babba ba a yi masa haka, ku yi shiru, ni zan same shi mu biyu in faɗa masa a hankali. Na yi ta jiran ranar da zan same ka cikin walwala, ban samu ba har ka kore ni. Na rufa maka asiri wata biyar a kan kuskuren gaske, kai ba ka rufa min na yini ɗaya ba a kan na wasa. To yau na buɗe, kuma ban ji komai ba. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Ban yafe ba, ranka ya daɗe, kuma ba zan yi ƙaryar na yafe ba don a ce ina da kirki. Yafiyata tana nan a ajiye, saƙon murya ɗaya ne kuɗinta. Ka turo kafin Juma'a, in janye butoci, ranar farko ta azumi ka tsaya a bayana a sahun farko, in muka sallame in juyo in ba ka hannu kafin kowa. Ka ƙi, mu haɗu a ƙofar masallaci.

Ina roƙon Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya albarkaci zuriyarka, ya cika makarantarka da ɗalibai. Allah ya ba ka haƙurin shiga ɗaki kafin ka yanke hukunci a kan abin da ke cikinsa. Allah ya nuna mana watan azumi lafiya, ni da kai, kowa da cikakkiyar alwala.

Wassalam.

Naka, wanda ka kora,
Nazifi, layin masallaci, Dutse Alhaji.